Darasi na Tara: Faɗin Lokaci da Turanci, *At* da *In* da *On*

Bahaushe ba ya shan wahala wajen faɗin lokaci, domin kalma ɗaya ce ke yi masa dukan aikin. Da asuba, da safe, da hantsi, da rana, da la'asar, da yamma, da almuru, da dare, da ƙarfe biyu. Duk inda aka juya, "da" ce. Mabuɗi ɗaya ne yake buɗe kowace ƙofa a gidanmu, amma a gidan Bature kowace ƙofa da nata mabuɗin, kuma idan aka zura na wata a wata ba za ta buɗu ba. Mabuɗan da za mu yi magana a kansu uku ne: *at* da *in* da *on*. Suna cikin ƙananan kalmomin da masu nahawun Turanci ke kira *prepositions*.

Kada ƙanƙantarsu ta sa ku raina su. Su ne a jikin takardar asibiti da ke gaya muku lokacin shan magani, su ne a tikitin jirgi, a takardar gayyatar taro, a sammacin kotu, da saƙon da ake turo wa mai neman aiki cewa ya zo a gana da shi. Masu shirya jarrabawar WAEC da NECO ma suna yawan tambaya a kansu. Babban mutum da ya dawo aji bayan shekaru yana da abin da yaro ba shi da shi, wato ya daɗe yana jin waɗannan kalmomi a rediyo da kasuwa da ofis. Abin da ya rage shi ne ya san dalilin da ya sa ake ɗaukar wannan a bar waccan.

Inda hannun agogo ya tsaya: *at*

Duk lokacin da za ku iya nunawa da yatsa a fuskar agogo, *at* yake ɗauka. *At six o'clock*, da ƙarfe shida. *At 9:15*, da ƙarfe tara da kwata. *The class begins at four o'clock*, ana fara darasi da ƙarfe huɗu. Wannan ƙa'ida ba ta da togaciya, kuma ita kaɗai ta isa ta gyara kurakurai masu yawa.

Akwai lokutan da ba a ambaci ƙarfe ba amma Bature yana ɗaukarsu a matsayin gaɓa ɗaya takamaimiya, saboda haka su ma *at* ne: *at noon* ko *at midday*, da tsakar rana, *at midnight*, da tsakar dare, *at dawn*, da ketowar alfijir, *at sunrise*, da fitowar rana, *at sunset*, da faɗuwar rana, *at dusk*, da almuru. Mai azumi zai ce *We break the fast at sunset*. Haka lokutan cin abinci da kwanciya: *at lunchtime*, *at bedtime*. Ku lura babu *the* a cikin ko ɗaya. Ba a cewa *at the noon*, ba a cewa *in the midnight*.

Tunda muna kan agogo, ga abu biyu da suke tafiya tare da *at*. Mu muna fara faɗin ƙarfen sannan mu kawo mintoci: bakwai saura kwata, bakwai da rabi. Bature yakan juya, ya fara da mintocin: *at a quarter to seven*, *at half past seven*, *at ten past seven*. *To* ita ce "saura", *past* ita ce "da". Wanda ya ji *twenty to nine* ya kama tara kawai ya zo da ƙarfe tara da minti ashirin, ya makara da minti arba'in. Mutanen Ingila kuma sukan taƙaita su ce *half seven*, suna nufin bakwai da rabi. Abu na biyu shi ne *o'clock*, wadda asalinta *of the clock* ne, ba ta zuwa sai da cikakken ƙarfe. *Seven o'clock* daidai ne, *seven thirty o'clock* kuskure ne.

Sassan yini uku: *in*

Safiya ba gaɓa ɗaya ba ce, tana da tsawo, mutum yana shiga cikinta ya yi sa'o'i. Shi ya sa take ɗaukar *in*, wadda ma'anarta ta asali "cikin" ce. Sassan yini uku ne ke bin wannan tsari, kuma dukansu da *the*: *in the morning*, *in the afternoon*, *in the evening*. *She goes to the market in the morning*. *The shop is quiet in the afternoon*.

Hankali zai ba mutum cewa dare ma haka ne, tunda ya fi kowanne tsawo. Ba haka ba ne. Dare *at night* ne, ba tare da *the* ba. Kada ku ɓata lokaci wajen neman hujja, haka harshen ya gada, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a haddace huɗun a jere kamar yadda ake haddace ranakun mako: *in the morning, in the afternoon, in the evening, at night*. Ku faɗa da baki sau da yawa har kunne ya saba. Likita zai rubuta *Take one tablet in the morning and one at night*, wato ƙwaya ɗaya da safe, ɗaya da dare. A wannan jimla guda an ga bambancin gaba ɗaya.

Wani zai ce ai ya sha jin *in the night*. Gaskiya ne, akwai ta, amma aikinta daban. *At night* tana magana ne a kan dare gaba ɗaya, abin da aka saba yi ko yake faruwa da dare: *The watchman works at night*, maigadi da dare yake aiki. *In the night* kuwa tana nufin a wani lokaci cikin wani dare na musamman, galibi mutane suna barci: *The baby woke up twice in the night*, jaririn ya farka sau biyu cikin dare. Hausa ma tana da wannan bambanci tsakanin "da dare" da "cikin dare". A Najeriya ana yawan sa *in the night* a gurbin *at night*, kuma kowa zai gane abin da ake nufi, amma a rubutu da jarrabawa ku ajiye kowacce a muhallinta.

Idan aka haɗa ƙarfe da sashen yini, kowanne yana riƙe tasa kalmar: *at seven in the morning*, *at three in the afternoon*, *at ten at night*. Na ƙarshen yana da *at* biyu a jere, kuma ɗalibai sukan tsorata su goge ɗaya. Ku bar su, daidai ne.

Da zarar an ambaci rana: *on*

Ranakun mako da kwanan wata *on* suke ɗauka: *on Monday*, *on 12 June*. Abin da ya kamata a riƙe shi ne rana ta fi sashen yini ƙarfi. Da zarar sunan rana ya shigo, *in* da *at night* sun kauce, *on* ta karɓi wurin. *In the morning*, amma *on Monday morning*. *At night*, amma *on Friday night*. Haka idan kwanan wata ne: *on the morning of 1 October 1960*. Haka ma idan an siffanta safiyar ko yammacin har ya zama wani na musamman: *on a cold morning*, *on a rainy evening*. Ƙarfe kuwa ba ya sakin *at* ɗinsa ko da an ambaci rana: *at nine o'clock on Monday morning*.

A nan akwai wani rami da ya fi nahawu zurfi, kuma littattafan da aka rubuta a Ingila ba za su gargaɗe ku a kansa ba, domin ba su san da shi ba. A lissafin Musulunci, wanda Hausawa da yawa suke bi a magana, dare yana gaba da yini. Da faɗuwar rana sabuwar rana ta shiga. Shi ya sa idan dattijo ya ce "daren Juma'a", yana nufin daren da za a wayi gari Juma'a, wato ranar Alhamis da dare. Daren salla ma shi ne wanda ke gaban ranar salla. Bature ba haka yake lissafi ba. A wurinsa dare yana bin yininsa, saboda haka *Friday night* ita ce ranar Juma'a da dare, bayan an sauko daga masallaci an yi yini an gama. Wannan kuwa a wancan lissafin namu daren Asabar ne.

Ku duba abin da zai faru idan aka fassara kai tsaye. An sa walima daren Juma'a, mai rubuta katin gayyata ya rubuta *on Friday night*, baƙin da suka karanta Turancin suka zo bayan an yi kwana ɗaya da watsewa. Nahawun jimlar ba shi da aibu, *on* tana inda ya dace, amma saƙon ya ɓace. Kafin ku rubuta, ku tambayi kanku: da wane yini wannan dare ya biyo baya? Sunan wannan yinin za ku sa. Daren Juma'a na dattawa *Thursday night* ne. Idan kuwa abin yana da muhimmanci, ku ƙara kwanan wata da ƙarfe, kowa ya huta.

Inda ba a sa komai

Wasu kalmomi idan suka zo gaban lokaci suna korar *at* da *in* da *on* gaba ɗaya. Su ne *this*, *last*, *next*, *every*, *tomorrow* da *yesterday*. *I saw him this morning*. *Come tomorrow afternoon*. *We meet every evening*. *She will travel next Monday*. Ba a cewa *in this morning* ko *on next Monday*.

Hausa tana jan hannunmu a nan. Muna cewa gobe da safe, jiya da safe, yau da safe, tsari ɗaya. Biyun farko suna tafiya lafiya: *tomorrow morning*, *yesterday morning*. Na ukun ne ke karyewa, domin Bature ba ya cewa *today morning*. Yau da safe *this morning* ne, yau da yamma *this evening*, yau da dare kuma kalma ɗaya ce, *tonight*. Jiya da dare *last night* ne. Za ku ji *yesterday night* a bakin mutane, amma *last night* ita ce karɓaɓɓiya ko'ina.

Ba wuri ɗaya muke yanka yini ba

Ko an san *in* da *at*, sai an san inda kowane sashe ya fara da inda ya ƙare a wurin mai harshen. Ƙarfe biyu bayan tsakar dare, a wurinmu ƙarfe biyun dare ne, babu mai kiransa safiya. Bature yana cewa *at two in the morning*, domin a agogonsa da zarar sha biyun dare ta wuce an shiga sabuwar rana. Idan aka ce muku jirgin sama zai tashi *at one in the morning on Tuesday*, to ranar Litinin da dare za ku kama hanyar filin jirgi. Wanda ya jira har Talata da dare ya rasa jirginsa.

Yammarmu ma ta fi *evening* faɗi ta gaba. Ƙarfe huɗu, lokacin la'asar, mu yamma ce, amma a Turanci *four in the afternoon* ne. *Afternoon* tana farawa daga sha biyun rana har wajen ƙarfe biyar ko shida, daga nan *evening* ta karɓa. Ita kuma *evening* ta fi yammarmu nisa ta baya: ƙarfe bakwai ko takwas, bayan magariba da isha'i, mu mun ce dare ya yi, Bature yana iya cewa *eight in the evening*. Wannan ya shafi gaisuwa. Idan kuka shiga wuri da ƙarfe tara na dare, *good evening* za ku ce. *Good night* ba "barka da dare" ba ce, sallama ce, daidai da "sai da safe". Wanda ya shiga ofis ko otal ya fara da *good night* ya yi ban kwana tun bai zauna ba.

A rubuce an fi amfani da *a.m.* da *p.m.* Daga Latin suke, *ante meridiem* da *post meridiem*, wato kafin tsakar rana da bayan tsakar rana. Su ma *at* suke ɗauka: *at 8 a.m.*, *at 4:30 p.m.* Tunda sun riga sun faɗi sashen yini, ba a ƙara musu wani. *At 8 a.m. in the morning* maimaici ne, a zaɓi ɗaya. Ba a kuma haɗa su da *o'clock*. Sha biyu ce ke rikita mutane, har da waɗanda Turanci ne harshen iyayensu. A al'ada *12 p.m.* sha biyun rana ce, *12 a.m.* sha biyun dare, amma shawarata ita ce ku guje musu, ku rubuta *12 noon* ko *12 midnight*.

Tsakar dare tana da nata ruɗanin, domin tana kan iyakar kwana biyu. An sauke tutar Ingila aka ɗaga kore da fari da kore ta Najeriya a filin sukuwa na Legas, wanda yanzu ake kira dandalin Tafawa Ɓalewa, da ƙarfe sha biyun daren da ya raba 30 ga Satumba da 1 ga Oktoba 1960. Wasu marubuta suna cewa *at midnight on 30 September*, wasu *at midnight on 1 October*, kuma lokaci guda suke nufi. Saboda irin wannan ne kamfanonin jiragen sama da sojoji suke amfani da agogo mai awa 24, inda ƙarfe biyun rana yake 14:00, ƙarfe biyun dare kuma 02:00. Idan adadin ya wuce 12, ku cire 12 ku samu ƙarfen: 19:30 bakwai da rabi ne na dare.

*By* ba *at* ba ce

Wannan sashe ya fi kowanne buƙatar natsuwa, domin kuskuren da ke cikinsa ya zama ruwan dare har a takardun ofis da katunan biki. Ana rubuta *The meeting starts by 4 p.m.* ana nufin da ƙarfe huɗu. A daidaitaccen Turanci *by* ba ta nufin "da". Tana nufin "kada ya wuce", wato a lokacin ko kafinsa. *Come at four*, zo da ƙarfe huɗu. *Come by four*, zo duk lokacin da ka ga dama amma huɗu ta yi maka a nan. *Submit the form by noon on Friday* na nufin ƙofa a buɗe take tun yanzu, za a rufe ta sha biyun ranar Juma'a. Wanda ya fahimci *by* a matsayin *at* zai zauna ya jira ranar ƙarshe da sa'ar ƙarshe, alhali da ya kai takardarsa tun Talata da an karɓa. Idan kuna nufin "wajen ƙarfe huɗu", ba tare da takamaimai ba, ku ce *at about four* ko *around four*.

*Until* kuma "har zuwa" ce, abin yana ci gaba sai lokacin ya yi: *The bank is open until four*. *From eight to four*, daga takwas zuwa huɗu. *In* idan ta zo da adadin mintoci ko awoyi tana nufin "nan da": *The bus leaves in ten minutes*, nan da minti goma mota za ta tashi.

Sai tagwaye biyu da ake yawan musanyawa. *On time* ita ce a kan lokacin da aka sa, ba makara: *The train left on time*. *In time* ita ce kafin abu ya ƙwace, da sauran dama: *We reached the hospital in time*, mun isa asibiti kafin abin ya yi muni.

Karatu

Ga tattaunawa tsakanin wani dattijo da ma'aikaciyar jinya. Ku karanta bibbiyu da murya, sannan ku musanya.

*Good morning, Sister. When should I take this medicine?*
*Good morning, Baba. Take two tablets in the morning and two at night.*
*And when should I come back?*
*On Thursday morning. The doctor arrives at nine, so be here by half past eight.*
*I have a wedding on Wednesday night, but I will come on time.*

Ku amsa da Hausa: da ƙarfe nawa likita yake zuwa? Idan Baba ya iso da ƙarfe takwas daidai, ya saɓa wa abin da aka gaya masa? A lissafin dattawa, daren wace rana ce bikin da zai je?

Aiki

Ku cike gurbi da *at*, *in*, *on* ko *by*. Inda ba a buƙatar komai, ku bar gurbin yadda yake.

1. *The market opens ____ seven o'clock.*
2. *My son studies ____ night.*
3. *We will visit you ____ Sunday evening.*
4. *It rained heavily ____ last night.*
5. *The farmers leave home ____ dawn.*
6. *Pay the fee ____ Friday, or you will lose your place.*
7. *The baby was born ____ three ____ the morning.*
8. *She called me ____ this afternoon.*

Ku juya waɗannan zuwa Turanci: zan zo gobe da yamma, an ɗauke wuta cikin dare, mota za ta tashi da ƙarfe shida saura kwata na safe, yau da safe na je asibiti, za a yi karatu daren Juma'a bayan isha'i.

Daga nan kowa ya rubuta jimla shida a kan yadda yake tafiyar da yininsa, tun daga tashi da asuba har kwanciya, kowace jimla da lokacinta. Wanda yake da takardar magani, ko katin gayyata, ko tsohon tikiti a gida, ya zo da shi aji na gaba a karanta lokutan da ke jiki tare, a ja layi ƙarƙashin kowace *at* da *in* da *on* da *by*.